Cokali Tamanin na Injiniya Tamau

Sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma shi ne a rubuce da jan fenti a ƙofar garejinsa. Amma duk layin, daga mai faci har mai walda, Tamau suke ce masa, domin in ya ɗaure noti a motarka, to kai da kowane bakanike kun yi sallama. An taɓa yin direban da ya yi faci a hanya, ƙarti huɗu suka hau kan sifana suna tsalle, tayar nan ta ce ba inda za ta. Da labari ya dawo wa Tamau, maimakon ya ji kunya sai ya bugi ƙirji ya ce, “To ai ka ji aiki! Ta taɓa ficewa yana cikin gudu?”

Yana da doka guda da yake taƙama da ita: ba ya zuba wa motar mutane abin da bai fara gwadawa a babur ɗinsa ba. Babur ɗin dai shekararsa biyu jingine da bango, gwaje-gwaje sun kashe shi, amma doka tana nan daram.

Ana haka Allah ya ba shi ’ya, ’yar fari. Sati biyu na farko lafiya ƙalau, daga nan sai yarinya ta tsiro da wani abu. Kullum ƙarfe huɗu na yamma, kamar an saita agogo, sai ta naɗe ƙafafu zuwa ciki, ta dunƙule hannu, fuska ta yi jajir, ta tsala ihun da ba ya tsayawa sai rana ta faɗi. Mutanen gidan hayar suka sa mata suna Jiniya. Uwar ta rame, idanu sun zurma, sai ta ɗora ruwa a wuta ta manta abin da za ta yi da shi. Inna, mahaifiyar Tamau, ta zo taya raino, ita ma ta jijjiga har kafaɗarta ta riƙe.

Ranar da yarinya ta cika sati shida, matar ta kai ta asibiti. Da ta dawo Tamau ya tare ta tun daga bakin ƙofa.

“Ina maganin?”

“Ba su ba da magani ba, Maigida. Nas ta duba ta sarai, ta ce lafiyarta ƙalau, nauyinta ma ya ƙaru. Wai jarirai da yawa suna yin haka, yana wucewa da kansa wajen wata uku zuwa huɗu. Ta ce in ta sha nono a ɗora ta a kafaɗa a shafa bayanta ta yi gyatsa, a riƙa rungume ta ana zagayawa. In an ga zazzaɓi ko amai ko ta ƙi shan nono, a mayar da ita maza. Amma kada a ba ta komai sai nono.”

Tamau ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

“Wato ka kawo mini mota tana ƙara, in ce maka je ka shafa mata bonet, za ta daina nan da wata biyu! Wannan ai rashin sanin aiki ne. Iska ce ta shiga layin mai. A fitar da iska, a wanke tanki, inji ya kwanta. Ni da nake kwance injin tirela in mayar, cikin da bai kai kofin shayi ba ne zai gagare ni?”

“’Yata ba tirela ba ce,” in ji matar. “Wallahi ko ɗigo aka ɗiga mata, ni da kai ne.”

Amma Tamau ya ga yadda Inna ta dube shi. A wurin Inna, tun ranar da ɗanta ya gyara mata rediyo yana ɗan shekara goma, babu abin da bai sani ba a duniya.

Washegari da hantsi ya faɗa kemis ɗin bakin titi kamar mai sayen kayan gyara.

“Ba ni na fitar da iska, da na wanke ciki, da na kwantar da inji.”

Mai kemis ya sauko da wata kwalba mai hoton jariri yana dariya, ya ɗora wata ta sassauta ciki, sannan ya ɗan yi jim da ta uku a hannu.

“Wannan na mura ne, amma yana sa barci, shi ya sa wasu iyayen ke saya. Oga, watan yaron nawa?”

“Ina ruwanka da shekarar ƙira? Inji ai inji ne.”

“A jiki dai an rubuta ban da ƙananan yara.”

“Don matsorata aka rubuta. Sa a leda.”

Mai kemis ya ɗaga kafaɗa ya sa a leda. A hanyar dawowa kuma Tamau ya ci karo da mai tallan magani a but ɗin mota, lasifika na rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana kashe cuta ashirin da ɗaya, har da kukan jarirai. Kwalbar ba takarda, ba suna, ruwan ciki baƙi, warinsa kamar abin goge fenti. Tamau ya shinshina, hawaye ya zubo masa, ya ce, “Wannan shi ne na gaske,” ya ƙara da ita.

Sai dai fa doka doka ce, ba a zubawa sai an gwada. Tun da babur ya riga mu gidan gaskiya, Tamau ya yanke cewa shi da kansa zai zama babur. Katin asibiti ya ce Jiniya kilo huɗu ce. Ya je wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa ya hau sikeli, da takalmin aiki da sifana uku da filaya a aljihu, allura ta nuna tamanin. Lissafi ya fito fes: shi jariri ashirin ne a haɗe. In yarinya za ta sha cokali ɗaya daga kowace kwalba, shi zai sha ashirin-ashirin, cokali tamanin ke nan.

Da rana ya leƙa gida, ya tarar matar tana shanya. Ya lallaɓa kicin, ya auna cokali ɗaya-ɗaya daga kwalaben huɗu a wata ’yar kwalba, ya girgiza, ya ciro filaya ya murɗe murfin don kada iska ta shiga. Sannan ya yafito Inna.

“Inna, riƙe wannan, kada ta gani. Yanzu zan je in gwada a jikina. In akwai matsala za ku gan ni kafin ƙarfe huɗu. In huɗu ta yi ba ku ji ni ba, to magani ya ci jarrabawa, ki ɗura mata duka.”

“Allah ya yi maka albarka, ɗan nan,” in ji Inna, ta cusa kwalbar a jakarta. “Uwar ma lokacin nake tura ta ta ɗan runtsa.”

Ƙarfe biyu da rabi Tamau ya tara shaidu a gareji, domin shi ba ya abin kirki a ɓoye. Mai faci ya baro tayarsa a cikin ruwa, mai walda ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi. Tamau ya jera kwalabe a kan bonet, ya zayyana musu shirin tun daga kilo huɗu har umarnin da ya bar wa Inna, sannan ya shiga ƙirga cokali a cikin jug ɗin auna baƙin mai, wanda ya rantse ya wanke.

“Wai kai jariri ne?” in ji mai faci.

“Jariri ashirin.”

“To in na ashirin ɗin suka fara kuka wa zai goya?”

“Kai dai tsaya ga iskar taya. Iskar ciki sai injiniyoyi.”

Ya ɗaga jug ya kafa kai. Rabin farko zaƙi kamar alewa, rabin ƙarshe kuwa sai da kunnuwansa suka yi ƙara. Ya dire jug, ya goge gashin baki, ya saki wata gyatsa da ta sa akuyar da ke kwance a gindin bango ta miƙe ta bar wurin.

“Kun ji? Iska ta fara fita. Gobe matan unguwar nan layi za su yi a ƙofar garejin nan da jarirai.”

Ana cikin haka wata Malama, shugabar makarantar firamare, ta kawo motarta juyen baƙin mai. Mace ce mai tabarau da muryar da ke tsayar da yara ɗari biyar a layi. Ta ce za ta shiga kasuwa, ƙarfe huɗu za ta dawo, kada ta tarar ba a gama ba.

“Malama, minti goma ne a hannuna,” in ji Tamau, yana mamakin yadda motar ta zama guda biyu.

Ya zaɓi ta hagu, ya shimfiɗa kwali, ya zura ƙarƙashi, ya kwance noti, tsohon mai ya tsiyaye tas a roba. Ya mayar da noti ya ɗaure yadda ya saba. Saura ya fito ya zuba sabo. Sai ya ji inuwar ƙarƙashin motar nan ta yi masa wani irin daɗi, kwalin ya yi laushi kamar katifa. Ya ce bari ya rufe ido ɗaya ya saurari yadda magani ke aiki.

Abin da ya sani bayan nan shi ne ana jan ƙafafunsa a ƙasa, kuma wani ya sheƙa masa ruwan da mai faci ke tsoma taya. Fuskoki sun yi masa rumfa. Malama tana faɗin, “Minti biyar ina yi wa ƙafafun nan magana, ashe gawa nake yi wa faɗa!”

“Da ransa,” in ji mai walda. “Gawa ba ta minshari.”

Tamau ya so ya ce lafiyarsa ƙalau, hutawa yake, amma harshensa ya zama kamar soson wanka. Kansa ya yi nauyi, hannuwansa kamar na aro, cikinsa kuwa yana wani ƙugi mai tashi da sauka. Ya ga agogon hannun Malama a saitin hancinsa. Huɗu da minti goma.

Nan take barcin ya tsage, tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa ji ba. Shi ƙato, abin ya kwantar da shi kamar buhu. Ga Inna can da kwalba, ta jira huɗu ta yi, ba ta ji shi ba. Shi ya ce shiru alamar lafiya ce, ga shi maganin ne ya yi masa shirun.

“Ji… ni… ya,” ya ce, yawu na dalala. “In… na.”

Mai faci ya dafe kai. “Innalillahi! Huɗu ta wuce! Tsohuwa za ta ɗura wa jaririya abin nan!”

Aka zaro wayar Tamau aka kira matar, a kashe, don kullum sai ta kashe in za ta runtsa. Inna kuwa ba ta riƙe waya. Malama da ta ji zancen jaririya ce, ta jefa kayan cefanenta a baya ta ce, “Ku sa shi a mota!”

Tamau ya shiga kaɗa hannu yana nuna robar baƙin mai. “Ma… ma…”

“Mama yake kira, Allah sarki,” in ji Malama. Aka cusa shi a kujerar baya, mai faci ya shiga gaba, Malama ta ba motar wuta.

Motar ta yi ƙoƙari, a gaskiya. Ta wuce shago goma sha biyu ba ɗigon mai a cikinta, sannan ta fara ƙwanƙwasa kamar ana daka, ta yi tari, ta saki hayaƙi, ta mutu a tsakiyar mararraba. Motoci suka taru ana ta oda. Malama ta juyo a hankali ta cire tabarau.

“Ka zuba man kuwa?”

Tamau ya girgiza kai.

“Zan dawo kanka,” ta ce. “Ku tafi wurin yarinyar tukuna. Amma ka roƙi Allah maganin nan ya riga ni.”

Mai faci ya hango wani leburan gini da baro, ya fizge baron yana cewa ran jariri ne, aka kife Tamau a ciki, ƙafafu na reto ta gaba. Haka suka ratsa layin, baro na tsalle a kan ramuka, kowane rami kuma sai maganin wanke ciki ya tuna wa Tamau cewa shi ma ya sha ashirin ɗinsa. Mai baro na biye yana neman baronsa, mai walda na biye da gilashi a goshi, masu shaguna suka fito.

“Hatsari aka yi?”

“A’a, gwaji ne!” in ji mai walda.

“Injiniya, yau kai ne a kan janwe?”

Tun daga kan kwana suka jiyo Jiniya. Tamau, wanda sati huɗu ke nan yana toshe kunne da auduga, ya ji kukan nan ya fi masa kowane sauti daɗi a duniya, domin mai kuka tana numfashi. Baro ya daki dokin ƙofa, ya tuntsurar da shi a tsakar gida, ya mirgina har gaban ƙafafun Inna.

Inna na zaune a kan tabarma, jaririya a cinya tana tsala ihu, matan gidan haya uku sun kewaye ta. ’Yar kwalbar tana hannun matar tela, ta naɗe murfin da gefen zane tana murɗawa, jijiyar wuya ta fito. A gefe ga wuƙa, ga kofin ruwan zafi, ga cokalin da ya lanƙwashe.

“Yawwa, ga mai ɗaurin nan,” in ji Inna. “Ɗan nan, wane irin rufi ka yi wa abin nan? Tun huɗu muke fama, har haƙorina na gaba ya girgiza. Karɓi buɗe mana, ka ga yarinya na shan wahala.”

Ta miƙa masa. Tamau ya karɓi kwalbar da hannu biyu, ya ga ruwan nan cif yadda ya auna shi. Ya rungume ta a ƙirji, ya kife a kanta, ya fashe da kuka wiwi, ƙato da gashin baki. Kukansa ne, ba na yarinya ba, ya tashi matar daga barci. Ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta ga mijinta jiƙe sharkaf a ƙasa, ga baro, ga rabin unguwa a ƙofar gida.

“Me ke faruwa? Kwalbar mece ce wannan?”

Mai faci, da ya samu numfashinsa ya dawo, ya zayyana mata komai, bai rage ko cokali ɗaya ba. Matar ba ta yi ihu ba. Ta sunkuya ta ɗauke ’yarta daga cinyar Inna, ta buɗe bakin yarinyar ta shinshina. Inna ta rufe fuska da mayafi tana salati.

Tamau ya ɗago zai yi bayani, sai cikinsa ya riga shi. Ya yunƙura da rarrafe ya nufi banɗaki, ya tarar da mutum a ciki. Abin da ya biyo baya dai, matan gidan sun ce ba za su faɗa ba, kuma sun faɗa wa kowa.

A asibiti aka ɗaura masa ruwa leda biyu. Nas ɗin da ya ce ba ta san aiki ba ita ce a kansa. Mai walda ya kwaso kwalaben huɗu daga gareji, ta jera su a kan tebur tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

“Wannan mai hoton jariri, yawancinsa ruwan sukari ne, ba ya tsayar da kukan nan, sai dai ya cika mata ciki ta ƙi nono. Wannan na wanke ciki, ka ga abin da ya yi maka, jaririya kuwa kafin a ankara ruwan jikinta ya ƙare. Wannan na mura yana iya rage wa jariri numfashi yana cikin barci. Wannan kuma,” ta shinshina baƙar kwalbar ta kawar da kai, “ko mai sayarwar bai san abin da ke ciki ba, amma akwai barasa.”

“Ai na yi lissafin kilo,” in ji Tamau da ƙaramar murya, harshe ya fara dawowa.

“Jariri ba babba ne da aka rage wa tsawo ba, Malam. Hantarta da ƙodarta ba su yi ƙwarin tace irin waɗannan ba. Shiru kake so ta yi, ko? To da ta yi.”

Tamau ya juya ya dubi ’yarsa a kafaɗar uwarta, ta gaji da kuka tana ajiyar zuciya, ɗan bayanta na tashi yana sauka. Ya daɗe yana kallon bayan nan, bai ce komai ba, abin da mai faci ya ce bai taɓa gani ba a shekara tara na maƙwabtaka.

Nas ta ɗauki ’yar kwalbar da aka taho da ita daga gida za ta zubar, ta murɗa, ta sake murɗawa, ta kira wani ma’aikaci ya gwada, ya dawo da ita yana yarfe hannu. Tamau ya ɗan gyara kwanciya.

“Ba za ta buɗu ba,” ya ce. “Ni na ɗaure. In kun lura, ai ɗaurin nan ne ya ceci…”

“Maigida,” in ji matar.

Ta karɓi kwalbar daga hannun nas ta jefa a jakarta, ta ce kada a zubar, tana da wurin ajiye ta.

Kwana uku bayan nan, ƙarfe huɗu na yamma, mai faci ya biyo ta gidan don ya sanar da shi cewa Malama ta zo gareji sau biyu, kuma yau da mijinta ta zo. Ya tarar da Tamau a tsakar gida, ya rame, wando na zamewa, Jiniya a kafaɗarsa tana tsala ihu a cikin kunnensa, ba auduga. Yana zagayawa daga bakin famfo zuwa igiyar shanya, yana shafa bayanta da tafin hannun nan mai kanta, a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. A saman ƙofar ɗaki kuwa, daidai inda ba zai shiga ko ya fita bai gani ba, matar ta rataye ’yar kwalbar da zare.

Mai faci ya jingina da bango.

“A’a, Injiniya! Bonet ake shafawa?”

Tamau ya buɗe baki zai rama, idonsa ya faɗa kan kwalbar, ya rufe. Can yarinya ta saki ’yar gyatsa, ta yi shiru na daƙiƙa biyar, sannan ta ja numfashi ta ɗora daga inda ta tsaya.

“Ba ta daina ba fa,” in ji mai faci.

“Bar ta ta yi,” in ji Tamau, ya gyara mata zama a kafaɗa ya ci gaba da zagaye. “Ina jin ta.”